Jiran da Aka Yi wa Keziya

Akwai wata mace mai suna Keziya, wadda aka haifa a kan dutse tun kafin mutanen garinsu su sauko su zauna a gindinsa. A can kufai aka binne mahaifiyarta. Shekaru suka ja, gwiwoyinta suka fara ciwo, amma duk sa'ad da ta ɗaga ido ta ga dutsen sai ta ce a ranta, "Ya Ubangiji, ko sau ɗaya ne, bari in sake tsayawa a bakin kabarin Inna kafin ƙafafun nan su ƙi ni."

Wata rana matasan ikilisiya suka shirya hawa dutsen domin su yi addu'a a kufai. Tsohuwar hanya za su bi, wadda yanzu ba mai bin ta sai awaki da masu neman zuma. Shugaban matasan, Istifanus, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Duk mai so ya zo. Ba za mu bar kowa a baya ba." Keziya ta ji, ta kuwa gaskata. Ta ci ɗamara, ta ɗauki sandarta, ta bi su.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Ciyawa ta rufe ta, ga ƙaya, ga wuraren da sai mutum ya kama dutse da hannu ya ja jikinsa. Matasan suna ta tsalle suna waƙa, kafin ka ce me sun yi mata nisa. Da suka sami inuwar wata ɗorawa suka zauna jiranta. Suka miƙe ƙafafu, suka sha ruwa, suka ci gyaɗa, wasu har da kishingiɗa. Can sai ga Keziya tana haki, zufa ta jiƙa mata riga. Istifanus yana hango ɗankwalinta ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Yauwa, ga Mama ta iso. Mu tafi!"

Ku dubi wannan aiki fa! Masu ƙarfin su ne suka huta. Ita da ta fi kowa bukatar zama, ko gindin itacen ba ta taɓa ba.

Haka aka yi a zango na gaba, haka kuma a na gabansa. Ba wanda ya zage ta. Kowa "Sannu, Mama" yake cewa da fara'a, yana saɓa jaka. Da abin ya ishe ta sai ta ce wa Istifanus, "Ɗana, bari in ɗan sa jikina a ƙasa."

"Haba Mama, ai mun daɗe muna jiranki. Rana tana yi."

Kunya ta kama ta, kamar ita ce mai laifi. Ta dogara sandarta ta bi su.

Dab da kufai akwai wani falalen dutse mai tsayi, wanda sai da rarrafe ake hawansa. Da ta sami hutu ko kaɗan ne a hanya, da ta hau shi, don a ƙuruciyarta ta sha hawansa da tulu a ka. Ta kama, ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta zame, gwiwarta ta goge da dutse har jini. Istifanus ya leƙo daga sama.

"Mama, zauna nan ki huta. Ma same ki in mun sauko."

Sai yanzu aka ba ta hutu, sa'ad da ba shi da sauran amfani. Ta zauna tana jin waƙarsu daga kufai sarai, har tana gane muryar kowa. Kabarin mahaifiyarta yana bayan dutsen nan kaɗai. Ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka mai ɗaci.

Ran Lahadi Istifanus ya ba da rahoto a majami'a. Ya ce, "Mun gode wa Allah, ba mu bar kowa a baya ba. Ko'ina sai da muka jira." Jama'a suka tafa. Keziya tana zaune da ɗauri a gwiwa, ba ta kuma sake hawa dutsen ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, dutsen nan tafiyarmu ce ta bangaskiya, matasan kuwa mu ne da Ubangiji ya ba ƙarfi. Keziya ita ce gwauruwar da aka ba 'yan makonni ta yi makoki, sa'an nan aka ce ta koma ƙungiyar mawaƙa. Ita ce sabon tuba da yake fama da tsohon halinsa, da majinyacin da ya tashi jiya muka ɗora masa aiki yau. Muna cewa mun yi haƙuri da su. Ƙarya muke yi! Hutunmu muka sha, muka sa masa suna haƙuri. Jira ba ya ƙarewa ranar da ɗan'uwanka ya iso inda kake, sai ya zauna, ya sha ruwa, numfashinsa ya dawo. In Keziya ta iso, kada ka miƙe. Matsa mata wuri a inuwa, ka bari ita ce za ta ce, "Mu tafi."