Yadda Dogo Ya Kamu da Farfaɗiya a Suk al-Shabi

Akwai wani tela a Umdurman ta ƙasar Sudan mai suna Jibirin, yana fama da farfaɗiya tun yana saurayi. Maƙwabcinsa Dogo, kwandastan motar haya, shi ya bi unguwa yana cewa ana ɗaukar ciwon ta yawu.

Mutane suka daina cin abinci da Jibirin. Masu kawo ɗinki suka janye. Ya rufe shago ya shige ɗaki, ba ya magana, ba ya barci, abinci sai yayarsa Awadiyya ta yi ta roƙo.

A shekarun nan sojoji kan tare motoci su kwashi samari zuwa aikin soja. Wata rana suka tare motar su Dogo a kasuwar Suk al-Shabi.

Dogo na ganin kaki ya zube ƙasa, ya hau shure-shure yana tofar da yawu. Har takalmin wata tsohuwa ya harba ta taga. Sojoji suka ja baya suka ce a wuce da shi.

Ya tsira. Sai dai matan unguwarsu na cikin motar, kuma labari ya riga shi isa gida.

Direba ya sallame shi. Mai shayi ta ce ya riƙa zuwa da kofinsa. In ya sunkuya ɗaukar wani abu, sai a taso masa da albasa a cusa masa a hanci, wai ciwon ne ya tashi. Ga shi ba damar ya ce ƙarya ya yi, kada maganar ta koma kunnen sojoji.

Shi ma ya shige ɗaki.

Da Jibirin ya ji, ya ce wa Awadiyya ta zuba masa wake a kwano zai kai wa Dogo. Ta bi shi da kallo, don ta manta rabonsa da ƙofar gida.

Ya zauna gaban Dogo ya ce, "Sa hannu, ya zol, mutumina. An ce da za ka faɗi sai da ka zaɓi wuri mai tsabta. Mu ba ma samun wannan gatan. Amma ba wanda zai ji daga bakina."

Dogo ya fashe da kuka. "Ɗan'uwa, yaya kake yi da shirun nan?"

"Faɗuwar ba ta daɗewa, kuma ina shan magani. Gudun da ake yi mini ne ya kusa kashe ni."

"Yaushe mutane suke dainawa?"

"Ni har yau ina jira."

Dogo ya sa hannu a kwanon suka ci tare.

Washegari ya ja Jibirin suka buɗe shago, ya tsaya a ƙofa yana shela cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta. Mutane suka yarda, suka ce ai shi zai fi kowa sani, tunda ciwonsa ne.

Darasi: Mai farfaɗiya yana bukatar magani, yana kuma bukatar wanda zai zauna da shi. Ƙyama tana jefa shi cikin damuwar da ta fi ciwon nauyi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wani Jibirin a unguwarku.