Baƙin Ɗan Haya

Akwai wani manomi da ya gina gida a birni da amfanin gonarsa, amma zaman birni bai karɓe shi ba, sai ya koma ƙauye. Ya ba wani matashi mai ladabi hayar gidan, ya ce masa, "Ɗana, ka zauna kai da iyalinka, kada ka ba wani haya. Ɗakin ƙurya kuwa ka bar mini, domin duk ranar da na shigo gari in sami inda zan sa haƙarƙarina." Matashin ya durƙusa ya ce, "Baba, ai gidanka ne."

Bayan kaka manomin ya biyo ta gidan, ya yi sallama. Wata mata da bai taɓa gani ba ta leƙo, ko Hausa ba ta ji. Ya kira ɗan hayar a waya ya tambaye shi. "Baƙi ne, Baba," in ji shi. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, gama shi mutum ne mai son karɓar baƙi. Da ya sake zuwa ya tarar da samari da jakunkuna. Wata rana kuma ango da amarya. Kullum amsar ɗaya ce, baƙi ne.

Abin ya fara ɗaure masa kai. Wane irin dangi ne wannan, babu mai kama da wani, babu wanda ya san sunan wani? Ina kuma shi mai baƙin, da ba a taɓa ganinsa tare da su ba? Ya yi ta juya maganar a ransa bai kama bakin zarenta ba. Amma bawan Allah, maimakon ya bincika, sai ya shiga kawo musu doya daga gona, wai kada ɗawainiya ta yi wa yaron yawa.

Ana nan sai ciwon ido ya kama shi. Likita a birni ya yi masa aiki, ya rufe ido ɗaya da auduga, ya ce kada ya hau mota zuwa ƙauye, ya kwana kusa ya dawo da safe. Tsohon ya ce a ransa, wannan mai sauƙi ne, ina da ɗaki. Ya lallaba ya isa gidan da la'asar, ya ciro makullinsa, ya laluba ƙofa sama da ƙasa, bai sami inda zai zura shi ba. Sai wasu lambobi kamar na waya a jikin ƙofar. Ya koma titi ya duba da idon da ya rage masa. Ga katangar, ga mangwaron da ya dasa da hannunsa. Gidan ne ko ba shi ba ne? Ko dai maganin likita ne ya juya masa kai?

Ya ƙwanƙwasa. Wani mutum ya buɗe da tawul a wuya, ya washe baki ya ce, "Kai ne tsohon doya? Ai an rubuta labarinka a waya."

"Wace waya?" in ji tsohon.

Mutumin ya nuna masa. Ga hoton falonsa, ga ɗakin ƙurya da gadonsa, a cikin wata manhaja inda matafiya ke biya su kama masauki na kwana ɗaya ko biyu. A ƙasa an rubuta cewa wani tsoho yakan kawo doya kyauta.

"Ni ne fa mai gidan."

"Mai gidan ai matashi ne, Baba. Shi ya turo mini lambar ƙofa. Ni ke ɗakin ƙuryar nan yau."

Tsohon ya kira ɗan hayar. Yaron bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce, "Baba, da ka sanar da ni da wuri. Duk an kama ɗakunan. Bari in duba ko za a samu mako mai zuwa."

Baƙin ciki ya cika tsohon, domin ya ƙaunaci yaron nan. Ya koma asibiti ya kwana a kan benci. Da idonsa ya warke ya zo da kafinta, aka cire ƙofar, aka sallami ɗan hayar.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manomin shi ne Ubangiji, gidan kuwa zuciyarka ce. Kai ne ɗan hayar, ba kai ka gina ta ba. Baƙin su ne abubuwan da muke ba masauki ba da izininsa ba: yau fushi, gobe gulma, jibi kwaɗayi. Muna cewa ai ba zama suka zo yi ba, kwana ɗaya ne. Gaskiya ne, amma wannan yana fita wancan yana shiga, ɗakin bai taɓa zama fanko ba. Har alherin da Ubangiji yake kawo mana, da shi muke ciyar da su. Ranar Lahadi kuma mu durƙusa mu ce masa gidansa ne.

Yana da ikon cire ƙofar, amma har yanzu sallama yake yi. Idan ka ji muryarsa yau, kada ka ce masa ya dawo mako mai zuwa.