Sunan Jaririyar Barira

To, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

A birnin Kano an yi wata 'yar fim mai suna Barira. Shekara goma sha biyu fuskarta tana cikin gidajen mutane. Idan ta shiga kasuwa sayen albasa, hoton albasar kan riga ta isa gida. Ba ta ƙi hakan ba, don ta san da idon jama'a take cin abinci. Sai daga baya ta gane cewa ido ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki.

Sau biyu tana samun ciki a gidan mijinta Hashimu, wani malamin makaranta mai shiru-shiru, sau biyu yana zubewa. Na farko, masu shafukan gulma ne suka sanar da shi tun kafin ta gaya wa uwar mijinta. Na biyu kuwa, tana kwance a asibiti wani ya ɗauki hotonta, robar ƙarin ruwa a hannu, fuska a kumbure, aka baza wa duniya. Dubban mutane suka yi mata addu'a a ƙarƙashin hoton, wasu tsiraru suka ce ai mahaifarta ta kai wa boka ya ba ta ɗaukaka. Addu'o'in ba ta tuna ko ɗaya, amma maganar tsirarun nan ta haddace ta.

Da ciki na uku ya samu, likita ta auna jininta, ta ce, "Hajiya, maganin da zan rubuta miki rabi ne. Sauran rabin kwanciyar hankali ne, ba a kuma sayar da shi a kemis. Idan jinin nan ya hau kamar wancan karon, har ke ina jiye wa tsoro." Barira ta fito ta san abin da take bukata: wata bakwai ba tare da duniya ta sani ba. Ga shi kuma tana tsakiyar wani fim mai dogon zango, saura wata uku a gama ɗauka.

Wadda ta fara sani ba gaya mata aka yi ba. Zulai ce, telar da ke yi mata ɗinki tun ba ta zama kowa ba. Ta zagaya tef a ƙugunta, ta duba, ta sake zagayawa, sannan ta tura ƙofa ta rufe.

"Ƙawata," in ji ta, "ko dai tuwo ne ya karɓe ki, ko kuma in rangaɗa guɗa."

"Yi ta a cikin zuciyarki, Zulai, don girman Allah."

Zulai ta san gari. Macen da aka saba gani da ɗinki daidai jiki, in aka wayi gari ita kaɗai ta sa babbar riga, masu gulma za su hau ƙirga watanni da yatsa. Don haka ta yanka wani sabon bubu mai tattara daga ƙirji yana zubowa har ƙasa, ta raɗa masa suna Walawa. Ta fara ɗinka wa kanta, ta ɗinka wa amare uku da ƙawayensu. Da wasu teloli suka zo leƙe, maimakon ta kore su kamar yadda ta saba, sai ta shimfiɗa musu yankan a tebur ta nuna musu sirrin tattarar. Duk wanda ya san tela ya san wannan kamar ta ba da gonarta ne. Kafin wata ya mutu rabin matan gari suna cikin Walawa, siriri da mai jiki, budurwa da kaka. Ranar da Barira ta fito da nata, abin da shafuka suka rubuta shi ne wai ta makara wajen bin yayi. A cikin rigar nan ta gama fim ɗinta. Har yau wani tela ne daban ake yi wa kirari da cewa shi ya ƙirƙiro Walawa, Zulai ba ta taɓa musa masa ba.

A wata na biyar wayar Barira ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

"Anti Barira, Nusaiba ce. Kada ki kashe, na san ba ki son jin muryata."

Ta kuwa san ta. Nusaiba ce mai shafin da ya fi kowanne mabiya, wanda ake cewa in ya faɗi magana ta zauna. Ita ce kuma ta fara sa hoton nan na gadon asibiti.

"Me kuma na yi miki yanzu?"

"Takardar awon cikinki tana hannuna, da sunanki da komai. Daga asibitinku aka turo min. Ba zan sa ba. Amma wanda ya turo, in ya ji shiru, wani zai tura wa. Ki bar asibitin nan yau, ba gobe ba."

Abin da ya tsayar da yatsan Nusaiba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. An dai san ba ta tsaya a shiru ba. Ta rubuta a shafinta cewa akwai wata takardar bogi da ake yawo da ita da sunan wata jaruma, ita ta bincika ta tabbatar ƙarya ce, duk wanda ya sa ta ya shirya jin kunya. Da takardar ta isa hannun sauran masu shafuka, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta. Nusaiba ta sani sarai cewa ranar da za a haihu, kowa zai gane ko dai ƙarya ta yi ko ba ta iya aikinta ba, kuma mai irin sana'arta yardar mutane ce kaɗai jarinsa.

Da ciki ya fi ƙarfin Walawa, Hashimu ya ɗauki matarsa ya kai ta wani ƙauye a bayan Ringim, gidan Gwaggo Saude, aminiyar marigayiya mahaifiyarta, mai sana'ar daddawa. Barira ta zaci a can ba wanda ya san ta. Ba ta gama sauka daga mota ba wata mata mai tulu a ka ta kira ta da sunan da take amsawa a fim.

Washegari Gwaggo Saude ta sayo goro, ta bi gida-gida kamar mai gayyatar biki, tun daga gidan mai gari da na liman har na ƙarshen layi. Duk matar da ta miƙa wa sai ta ce, "Wannan goron amana ne. Baƙuwata ba ta zo ba, ba ki gan ta ba. In kin ci kin ɗauka, in ba za ki iya ba ki maido min abina." Ba wadda ta maido. Ta ajiye ƙwarya a zaure, duk mai shigowa ta jefa wayarta a ciki. Mata suka riƙa zuwa da zogale da nono, su zauna suna tsare ta da tambaya a kan fim ɗinta.

"Wai don Allah, a ƙarshe za ki koma wa Alhajin nan? Mu dai ba mu yarda da shi ba."

Barira ta yi dariyar da ta manta tana da ita. Jininta ya sauka. Gari guda, kowace mace da waya, wata uku ba hoto ɗaya da ya fita.

Wadda ta karya doka daga cikin gida ta fito. Hansatu, autar Gwaggo, ta zo ganin gida daga birni, ta ɗauki Barira a waya tana ɓare gyaɗa, ciki a gaba.

"Kawo wayar nan," in ji Gwaggo.

"Haba Inna! Arziki ya shigo har tsakar gidanki kina zaune kina dakan kalwa?"

Tsohuwa ta fizge wayar ta jefa a rijiya. Hansatu ta haɗa kayanta a ranar, ta rantse ba za ta sake taka gidan da aka fifita bare a kan 'ya ba. Har yanzu da nake ba ku labari ba ta taka ba.

Wata Laraba da hantsi, a ƙaramin asibitin garin da ke kusa, Barira ta haifi 'ya mace, mai rai, mai ƙarar kuka. A kwana na uku ta sanar da duniya da bakinta. Tunda ta fara fim, wannan ne karo na farko da ta riga kowa ba da labarin kanta.

Ranar suna da sassafe maza suka cika zaure. Hashimu ya leƙo ɗaki ya ce, "Ni ban ɗauki cikin nan ba, ba ni kuma na ɓoye shi ba. Ke za ki zaɓa mata takwara."

Barira ta dubi jaririyar, ta dubi ɗakin. Zulai tana gefen gado tana gyara wa yarinya riga, ta ce, "Ni dai kada a dube ni, a sa na Gwaggo." Gwaggo ta ce, "Sunana ya tsufa kamar ni, ku nemi sabo." Nusaiba kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da turmin atamfa a hannu, ta kasa shigowa, mabiyanta sun kwana huɗu suna kiranta maƙaryaciya. Wata daga cikin 'yan barka ta ce a haɗa sunayen uku kowa ya huta. Gwaggo ta harare ta. "Yarinya ce, ba motar haya ba, da za a rubuta mata suna gaba da baya."

Hawaye suka cika idon Barira, na godiya, ba ta san inda za ta fara ajiye ta ba. Da ba don Zulai ba, da tun a wata na uku gari ya ɗauka. Nusaiba ta taɓa cutar da ita, gaskiya ne, amma a karo na biyu wuƙar tana hannunta ta juya ta ta yanki kanta. Ita kuwa Gwaggo, 'yar cikinta ta rasa saboda 'yar wata.

Rago yana ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa, ba kuma za a yanka ba sai an faɗi suna. Hashimu ya sake leƙowa. "Liman yana jira. Me zan raɗa masa?"

To, jama'a, ga Zulaihatu, ga Nusaiba, ga Saudatu. Da ku ne Barira, sunan wa za ku ce a raɗa wa liman?