Dila da Barewa Mai Ƙafa Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama!

Ta zo mu ji ta, mun baza kunnuwa.

Can a ƙasar duwatsu, inda tsauni ke hawa kan tsauni, akwai wani Dila mai rami a gindin wani falalen dutse. Ramin nan gado ne. Kakansa ya haƙa, ubansa ya faɗaɗa, shi kuwa bai ƙara masa komai ba sai kwanciya. A ciki matarsa Ladingo take jego, ga 'ya'ya jajaye ko ido ba su buɗe ba.

To, maharban garin da ke gindin tsaunin suna da doka. Muddin damina ba ta ɗauke ba, ba mai ɗana kibiya, sai ranar da Sarkin Baka ya buɗe daji. Amma kafin ranar kowane maharbi yakan hau duban daji. Zai bar kwari da baka a gida, ya zo da idonsa kawai, ya nemi sawun barewa, ya gano mashayarta, ya watsa toka ya ga inda iska ta nufa, don in ranar ta zo ya san inda zai yi kwanto.

A cikinsu akwai wani wai shi Tunau. Mutumin nan bakinsa ba ya hutawa da godiya. In ya yi tuntuɓe ya ce alhamdu lillahi da bai faɗi ba. In ya faɗi ya ce alhamdu lillahi da bai karye ba. Ga shi da surutu shi kaɗai, duk abin da ke cikinsa sai ya faɗa wa duwatsu.

Ran nan Dila na kwance yana shan hantsi, sai hancinsa ya tashe shi. Ya leƙa, ya hango Tunau yana hawowa yana haki, burgami, jakarsa ta fata, a kafaɗa. Abin da ke cikin burgamin kuwa kilishi ne, ya sha tunkuza da yaji.

Dila ya bi shi a sace. Tunau ya duƙa nan, ya duƙa can, yana cewa, "Allah ka nuna mini ko sawu ɗaya ne. Matata Tasallah ta kusa sauka, na kuwa yi mata alkawarin naman barewa a jegonta. Na gode, na gode tun kafin in gani."

Wuni guda bai ga komai ba, don bareyin dutsen duk suna can bayan kwazazzabo. Kuma wuni guda bai sauke burgami ba.

Dila ya koma gida yana lissafi. Ya ce, "Ladingo, mutumin nan ba zai ajiye jakarsa ba sai ya ga sawu."

Ta ce, "To ina ruwanka?"

Ya ce, "Ruwana a cikin jakar yake."

Ya je bakin kwazazzabo inda kura ta taɓa cin wata barewa, ya tono busasshen kofato guda. Ya biya ta burtali ya kwaso kashin awaki. Da gari ya waye ya sami wuri mai laima, ya kama kofaton da baki, ya dinga dannawa, ɗis, ɗis, ɗis, har cikin wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu, inda mutum ba ya wucewa da kaya. Ya barbaɗa kashin awaki, ya share nasa sawun da wutsiya, ya laɓe.

Sai ga Tunau. Ya ga sawu, ya dafe ƙirji. "Wayyo daɗi! Ga ta, ga ta! Sabo ne fil!" Ya ɗauki kashin ya murje, ya sunsuna. "Ikon Allah, barewar nan har dusa take samu. Na gode, na gode!"

Ya rataye burgami a reshen taura, ya kutsa matsatsiyar hanya da rarrafe. Dila ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya zare kilishi, ya bar masa 'yar dakuwar da ke ƙasan jakar don kada a ce ba shi da tausayi.

Tunau ya dawo ya ga an yi masa ta'adi. Ya ce, "Birai ne. Alhamdu lillahi da suka bar mini jakar."

Kashegari haka. Wanshekare haka. Dila ya danna kofato, Tunau ya rataye burgami, kilishi ya bi iska, godiya ta biyo baya. Dila ya yi ƙiba, wuyansa ya yi taiɓa, har tafiya ta fara yi masa nauyi.

Sai ya ce, "Wai ni me ya sa nake wahalar zuwa nesa? Abinci ai shi ya kamata ya zo inda nake."

Ladingo ta ce, "Maigida, kada ka jawo mana maharbi ƙofar gida."

Ya ce, "Maharbi ba baka? Ai wannan ɗan aike ne."

Ya matso da sawun. Gobe ya ƙara matsowa. Jibi sai ga sawu ya kewaye falalen dutsensa kaf, sama da ƙasa, gabas da yamma, kamar an yi kasuwar barewa a wurin. Yanzu daga kwance yake miƙa wuya ya ɗauki kilishi.

Tunau ya tsaya a kan falalen, ya juya, ya sake juyawa, hawaye ya zubo masa. Ya watsa toka, iska ta kwashe ta ta yi kudu da ita. Ya ce, "Shi ke nan, nan ne! Nan zan yi kwanto. Kai, wannan arziki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, rowa ba kyau. Zan kira Sarkin Baka ya gani da idonsa. Ranar buɗe daji duk mu taru nan, da karnukanmu. Na gode, na gode!"

A cikin rami kilishi ya maƙale wa Dila a maƙogwaro.

Ladingo ta ce, "Karnuka ya ce?"

Dila ya ce, "Ban ji sosai ba."

"Ni na ji. Ɗan aikenka zai dawo da amsa. To ka sani, yaran nan ba su ɗaukuwa, ni ma ban warke ba. Ka san yadda za ka yi."

Dila ya fita da sassarfa zai share sawun. Ina! Rana ta riga ta busar da laka, sawu ya zauna daram kamar an sassaƙa shi. Ya goga da wutsiya, ya goga, gashin wutsiyar ne kawai ya ragu. Yana cikin haka ya ji muryoyi, ya faɗa rami da baya da baya.

Tunau ne da Sarkin Baka, wani dogon tsoho mai ido ɗaya a kanne, guraye har gwiwar hannu. Tunau na gaba yana rawar jiki. "Ranka ya daɗe, duba nan! Duba can! Garke ne guda!"

Tsoho ya zuba wa sawun ido. Ya tsuguna, ya auna sawu da yatsa, ya matsa ya auna wani, ya sake matsawa.

Ya ce, "Tunau."

"Na'am, Baba."

"Barewa ƙafa nawa gare ta?"

"Huɗu mana, Baba."

"To wannan taka ɗaya gare ta. Ta hagu, ta gaba, ga tsaguwa a gefen kofaton. Duk dutsen nan ƙafa ɗaya ce ta taka shi. Ko dai barewarka 'yar langa ce, ko kuwa wani ya mai da kai abin wasa."

Tunau ya buɗe baki, godiya ta ƙi fitowa.

Tsoho ya bi ƙasa da ido, ya ga shatin shara, ya ga gashi ja-ja a manne da laka, ya bi shi har bakin rami. Ya ce, "Mai wasan yana ciki. Doka ta hana kibiya, ba ta hana hayaƙi ba. Tara mini ciyawa."

Dila ya ji ƙarar ƙyastu, ƙyas, ƙyas. Ladingo ta rungume 'ya'yanta ta zuba masa ido. Dila ya duba hagu, ya duba dama, ba mafita. Sai ya cusa kansa cikin wani lungu na ramin inda murya ke amsa kuwwa, ya shaƙe hanci, ya yi murya mai karkarwa irin ta tsohuwar da ta shekara ɗari ba ta yi magana ba.

"Tuuunauuu! Tunau mijin Tasallaaah!"

Ƙyastu ya faɗi daga hannun Tunau.

"Tunau mai karyayyen haƙorin da ya ce wa mutane a dambe ya samu, alhali jaki ne ya harbe shi!"

Tunau ya zube a gwiwa. "Wallahi Baba, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai duwatsu!"

"Ni ce duwatsun! Ni ce Uwar Barewa mai ƙafa ɗaya! Da ita nake hawa, da ita nake sauka. Na nuna maka sawuna don na ji kana da godiya, shi ne za ka saka mini da hayaƙi?"

Sarkin Baka ya daɗe yana jin labarin irin wannan a bakin kakanninsa, bai taɓa gamuwa ba. Ya cire hula, ya durƙusa. "Tuba muke, Iya. Rashin sani ne. To gashin nan ja fa da ke ƙofarki?"

"Na bawana ne, Dila, mai yi mini shara. Wanda ya taɓa shi ya taɓa ni!"

Ladingo ta toshe baki da wutsiya.

Tsoho ya ce, "An gama, Iya. Daga yau dutsen nan haramiyarmu ne. Ba kibiya, ba kare, ba wuta. Sai ki faɗi abin da za mu riƙa kawo miki na ban haƙuri."

Nan fa. Da Dila ya yi shiru da ya tsira da mutuncinsa. Amma miyau ya riga hankali isowa baki.

"Kilishiii! Mai yaji! Da ɗan balangu!"

Sarkin Baka ya ɗago kai sannu a hankali, kannen idon nan ya buɗe. Ya ce, "Iya, barewa da cin nama?" Hannunsa ya fara lalubar ƙyastu a ƙasa.

Ladingo ta gantsara wa mijinta cizo a cinya.

"Wayy... wai gwada ku nake yi!" in ji muryar. "Da kun ce to, da na shanye muku hannuwan harbi! Ni da naman 'ya'yana? Tir!"

"To me za a kawo?"

Dila ya runtse ido, hawaye na zuba, ya ce, "Kanwa."

"Sai me?"

"Dusa."

"Sai me, Iya?"

"Harawa," in ji Dila, da ƙyar.

Tsoho ya saki ajiyar zuciya ya mayar da hula. "Yanzu na ji maganar barewa."

Tunau kuwa goshinsa na ƙasa yana ta zubawa. "Na gode da ba ki shanye mini hannu ba! Na gode da kika tona mini asiri a gaban mutum ɗaya kawai! Tasallah ta ci zabi, ai su ma nama ne. Na gode, na gode!"

Aka buɗe daji, maharba suka yi yamma da karnukansu, ba wanda ya ko kalli falalen. Kowace Laraba sai ga Tunau ya hawo da damin harawa, da ƙwaryar dusa, da dunƙulen kanwa, ya ajiye a bakin rami ya ja da baya. Burgaminsa kuwa ba ya ƙara zuwa da nama, wai kada warin ya ɓata wa Iya rai.

Labari ya kai bayan kwazazzabo cewa akwai dutsen da kibiya ba ta zuwa, ga kuma abinci a banza. Bareyi suka kwaso 'ya'yansu suka tare a ƙofar Dila. Babbarsu ta leƙa rami ta ce, "Malam Dila, mun ji duk abin da ka yi saboda mu. Ashe haka kake da zuciya? Allah ya saka da alheri. Fito mu ci tare, ai kai ne mai gida."

Dila ya fito, haƙarƙari a waje. Ya dubi harawa. Ya waiwaya ya ga 'ya'yansa sun buɗe ido suna kokawa a bakin rami, ba wanda ya ƙone ko gashi ɗaya. Ya lashi kanwa, fuskarsa ta yamutse kamar tsumma.

Ladingo ta ce, "Maigida, ba ka ce komai ba."

Dila ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Na gode. Wallahi na gode."

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare! Wanda duk zai yi ƙaryar zama aljani, don Allah ya zaɓi aljanin da ke cin irin abincinsa.