Abin da Jafaru ya ɗauka a kafaɗarsa

Akwai wani direba a unguwar Alsawra ta birnin Omdurman mai suna Jafaru, yana jan babbar motar wata masana'antar sabulu a Bahri. Amininsa Hazim kuma ma'aikacin sito ne a wurin, ya daɗe yana kwaɗayin a ba shi mota. Tare suka tashi, kwano ɗaya suke ci.

Wata rana ciwo ya kama Jafaru a saman ƙirji, ɓangaren hagu. In ya ja dogon numfashi ko ya juya sitiyari, sai ya ji kamar an soka masa allura. Tsoro ya hana shi zuwa asibiti, Hazim kaɗai ya gaya wa.

"Ya zol, mutumina, wannan zuciya ce," in ji Hazim. "Ka rufe bakinka, kada mudir ya ji."

Jafaru ya rufe bakinsa. Shi kuwa mai ba da shawarar, ƙafarsa ƙafar ofishin mudir, wato manaja. Washegari aka karɓi makullin mota daga hannun Jafaru, wai mai ciwon zuciya ba zai hau gadar kogi da kaya ba. Aka miƙa wa Hazim. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Matarsa Bakhita ta ga abincin gidan na neman yankewa, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ta yi gwajin zuciya, ta ga lafiya lau. Ta danna yatsa inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji, Jafaru ya zabura.

"Ka yi tari mai tsanani? Ka faɗi, ko wani abu ya buge ka?"

"A'a, daktora."

"To tsoka ce ta ji rauni, mahaɗar haƙarƙarin kuma ta kumbura. Me ka ɗauka mai nauyi a wannan kafaɗar?"

Idon Jafaru ya ciko. Ya tuna ranar jana'izar mahaifin Hazim, da aka ɗauki gawar a kan angareb, gadon igiyar nan, zuwa maƙabarta. Al'ada ce a riƙa karɓar juna a hanya, amma shi ya ƙi sakin ƙafar gadon har bakin kabari, don tsohon ya riƙe shi kamar ɗa. A daren ranar ciwon ya soma. Hazim ma ya gan shi yana dafe wurin.

Bayan Jafaru ya huta ya sha magani, ya koma masana'anta. Mudir ya kira likitar ya tabbatar, ya sa aka kirawo Hazim ya ajiye makulli.

"Malesh, yi haƙuri, ya ɗan'uwana," Hazim ya ce, kansa a ƙasa. "Tsoro na ji maka."

"Zuciyata ƙalau take, Hazim. Daktora ta tambaye ni abin da na ɗauka har ƙirjina ya yi ciwo." Ya ɗauki makullinsa. "Na ce mata babanka ne."

Darasi: Ciwon ƙirji na iya zama tsoka, haƙarƙari, huhu ko zuciya, likita ne zai bambance, don haka kada ka zauna da shi a gida. Kuma kada ka mayar da raunin wanda ya yi maka alheri tsanin hawanka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.