Kifin Tanki na Huɗu

Ƙanena mai kiwon kifi ne. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya yarda na ƙasa da shi ya koya masa abu. Ni da nake yayansa ma da ƙyar yake saurarona.

Yana da tankunan siminti huɗu a bayan gidansa, yana kiwon karfasa. Karfasa ba kamar tarwaɗa ba ce. In ta yi yawa a tanki, dole a riƙa hura mata iska cikin ruwan, in ba haka ba ta mutu.

'Yarsa ta fari ta karanci kwamfuta, aikinta rubuta manhaja. Mu dai abin da muke gani shi ne tana zaune tana danne-danne. Da ta ga yadda ubanta ke wahala da kunna inji da kashewa, sai ta haɗa masa wani akwati a jikin bango, mai ɗan allo kamar fuskar waya. Akwatin ne ke buɗe wa kowane tanki iska da ruwa a kan lokaci. Tsofaffin makunnan kuwa aka cire su.

Ranar da ta gama, ta zaunar da mu a inuwa, ni da ubanta da mahaifiyarta.

"Baba, minti goma kawai nake so," in ji ta. "Rubuta manhaja ba tsafi ba ne. Umarni ne ake jerawa, ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauka ka samu ma'aikaci mai biyayya, ba ya gajiya, ba ya gardama, amma ba shi da ido. Abin da ka faɗa masa kawai ya sani."

"Ashe irin mijin da nake nema ne ban samu ba," in ji mahaifiyarta. Muka yi dariya, ban da ƙanena.

Yarinyar ta ci gaba. "Kowane tanki yana da lamba a gefensa. Ɗaya, akwai kifi. Sifiri, babu. Yanzu na huɗu babu komai, shi ya sa na sa masa sifiri. Duk ranar da ka zuba kifi a ciki, sai ka faɗa masa. Taso in nuna maka."

Ya ce, "Uwata, kafin a haife ki nake kifi. Yanzu akwati zan riƙa kai wa rahoto?"

"Ba rahoto ba ne, Baba. Yatsa ɗaya ne."

"Ki nuna wa Yaya. Shi ne ba shi da aikin yi."

Ya miƙe ya ɗauki ragarsa ya wuce. Ta juyo gare ni. "Baba Babba, ko kai?" Na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Gaskiya ce, amma ba ita ce dalili ba. Kunya nake ji kada ta nuna min in kasa. Ta sake gwadawa sau biyu a cikin makon. Kullum sai ubanta ya ce gobe.

Wata huɗu akwatin yana aiki lafiya. Kifi suka yi ƙiba, saura mako biyu a kwashe. Sai aka tura yarinyar aikin 'yan kwanaki wani gari mai nisa. Kwana uku da tafiyarta, tanki na ɗaya ya tsage, ruwa ya fara zurarewa. Ƙanena ya cika na huɗu da ruwan rijiya, ya kwashe kifin gaba ɗaya ya mayar can kafin faɗuwar rana. Ya yi aikin da kyau. Akwati ne kawai bai faɗa wa ba.

Da sassafe matarsa ta buga min ƙofa. Na je na tarar da kifin duk sun taso sama, baki a buɗe. Ruwan tanki na huɗu ko motsi ba ya yi. Can gefe kuwa bututun tanki na ɗaya yana ta hura iska a kan busasshen siminti.

"Kira ta," na ce.

Ya kira. Tana cikin mota a hanyar dawowa, maganarta tana yankewa.

"Baba, kada ka ruɗe. Je gaban allon. Me ka gani?"

"Rubutu."

"Wane rubutu?"

"Ina na sani! Rubutu ne birjik."

"Nemi layi na huɗu. Akwai sifiri a gefensa. Taɓa shi."

Hannunsa a jiƙe. Ya dangwala. Rubutun ya ɓace, wani ya fito.

"Ya gudu," in ji shi.

"Wa ya gudu?"

"Sifirin!"

"To koma baya. Akwai 'yar kibiya a sama, ta hagu..."

"Hagunki ko haguna?"

Sai wayar ta yi shiru. Mun kira ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Na karɓi tabarau ɗin matarsa na leƙa allon. Ni ma rubutu na gani. Mu biyu, shekarunmu sun haura ɗari da talatin in an haɗa, muna tsaye gaban abin da bai kai tafin hannu ba.

Muka gwada cire bututun, a liƙe yake da gam. Famfon ruwa ma sai da izinin akwatin yake tashi. Muka aika a kira mai gyaran wuta, aka ce ya tafi aiki ƙauye. Muka koma bokiti. Mu ɗebo daga rijiya mu watsa, matarsa tana kaɗa ruwan da faranti. Muka kwashi kifi kaɗan muka jefa a sauran tankuna biyun, su ma a cike suke. Bayana ya riƙe, na zauna a ƙasa. Ina kallo kifin suna juya fararen cikinsu sama, ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi ƙanena ya ajiye bokitin.

Bayan azahar yarinyar ta iso, da jakarta a kafaɗa. Ta gaishe mu ciki-ciki, ta wuce gaban allon. Ta taɓa sau biyu. Nan take ruwan tanki na huɗu ya fara ɓulɓula, kumfa tana juya matattun kifi.

Ƙanena ya kalli kumfar.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

Ya ɗauki shebur, ya tafi haƙa rami a bayan katanga.

Darasin a fili yake. Girma ba ya hana koyo, kuma ilimi ba ya raguwa don ya fito daga bakin ɗan da ka haifa. Duk abin da ka ɗora abincinka a kansa, ka zauna a yi maka bayaninsa tun hankali na kwance. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, a maimaita. Ranar da abu ya ɓaci, mai bayanin ba lallai ya kasance kusa ba, kai kuma ba za ka iya koyo a ruɗe ba.