Ranar da Aka Ce Maite Ta Huta

Akwai wata malama mai suna Ximena, tana koyarwa a wani ƙauyen masunta can kudancin Chile. A ajinta akwai Maite, yarinyar da sai ta bi kalma da yatsa kafin ta iya karanta ta.

Da jarrabawar auna makarantu ta ƙarato, shugaban makaranta ya ja Ximena gefe.

"Ki ce wa Maite da irinta su huta ranar. Za su ja mu ƙasa."

"In kalli idon yarinya in ce kada ta zo? Ba da ni ba, yallaɓai."

Maite ta rubuta jarrabawa. Sakamako ya fito a intanet, makarantar ta zo can ƙarshe.

Zauren iyaye na WhatsApp ya kama da wuta. Wadda ta fi kowa zaƙewa kuwa ita ce Ercilia, mahaifiyar Maite, da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

"Malama ce ko 'yar hutu? Muna can hannu na daskarewa wajen gyaran kifi, ita tana kurɓar shayi!"

"Gaya mata dai, ƙawata!" in ji wata.

Sauran malamai suka yi gum, kowa na tsoron kujerarsa.

Ximena ta rubuta gaskiyar magana, sai ta goge. In ta tura, sunan Maite ne zai shiga bakin duk ƙauyen.

Aka ɗauke Ximena zuwa makarantar wani tsibiri mai nisa. Ta tafi ana ruwa, ba wanda ya raka ta bakin jirgi. Abin dai akwai cin rai.

Da wata jarrabawar ta zo, Ercilia ta dawo daga aiki ta tarar da Maite zaune a gida, sanye da kayan makaranta.

"Ke, lafiya?"

"An ce in huta, Mama. Dama Malama Ximena ce kaɗai ke cewa in zo. Har faɗa aka yi mata saboda ni, na ji ta bayan ƙofa."

Ercilia ta ɗauko wayarta. Ta shiga zauren tana kuka, ta rubuta doguwar ban haƙuri.

Ba wanda ya tanka. Can sai wani ya turo tallan itacen girki. Ximena kuwa ta daɗe da fita daga zauren.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci don ka ga an yi masa ca. Wanda ya yi shiru yana shan zagi, wataƙila asirinka yake rufewa. Ku tura wa iyaye da malamai su ma su karanta.